Dabo da Kwance Ɗauri: Amsoshin Tambayoyin da Suka Ishe Ni

Da aljanu kuke aiki?

A'a. Saurin hannu ne, da kayan aiki da aka ƙera domin wasan, da karkatar da hankalin mai kallo.

Za ka iya ninka mini kuɗi?

Da zan iya, da ba ku gan ni ina wasa cikin rana a Dandalin Murtala ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari ɗan damfara ne, ku daina haɗa mu da shi.

Wane ne Houdini da kake yawan ambata?

An haife shi a Budapest a 1874, ya yi suna a Amurka wajen kuɓuta daga ankwa da sarƙa, ya rasu a 1926. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa wajen tona asirin masu iƙirarin magana da matattu.

Ina so a ɗaure ni da sarƙa a jefa ni Kogin Kaduna. Ta ina zan fara?

Ba daga kogi ba, ɗan'uwa. Asalin dabarar tana wurin ɗaurin ne: mai wasa yakan cika ƙirjinsa da iska, ya ƙanƙame damatsansa yayin da ake ɗaure shi, ta yadda idan ya saki jiki sarƙar ko igiyar da aka ɗaure shi da ita za ta yi sako-sako. Wannan yakan yi aiki a tudu, kuma ko a nan ya danganta da irin igiyar da hannun wanda ya yi ɗaurin. A cikin ruwa kuwa, igiya takan jiƙe kullinta ya ƙara tsukewa, yatsu su sage, ga kogin namu da damina jawur yake, mataimakinka ba zai hango ka ba balle ya kawo ɗauki. A 2019 Chanchal Lahiri, wanda ya daɗe a sana'ar, ya nutse a Kogin Hooghly na Indiya a irin wannan wasa. Idan ka nace, wataƙila bayan shekaru na atisaye za ka gwada a tankin da ake ganin cikinsa, da mutum tsaye riƙe da almakashin yanka ƙarfe, da alamar neman agaji da kuka shirya tun farko. Ko hakan ma ban ce na lamunce maka ba.

Yarona yana sha'awar dabo, in hana shi?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ki bar shi da kwabo da kati da hankici, amma kada igiya ta kusanci wuyansa, kuma kada ya shiga akwatin da ake kullewa.