Waiwaye: Stacey Abrams da Rigimar Rajistar Zaɓe a Jihar Jojiya

A shekarar 1991 gwamnan jihar Jojiya da ke kudancin Amurka ya gayyaci ɗaliban da suka zo na ɗaya a makarantunsu na sakandare zuwa gidan gwamnati. Stacey Abrams, 'yar shekara 17, tana cikinsu. Iyayenta ba su da mota, sai suka shiga bas, suka sauka suka taka zuwa bakin ƙofa. Kamar yadda ta sha faɗa, mai gadi ya ƙare musu kallo ya ce taron ba nasu ba ne. Mahaifinta ya kafe sai an duba takardar sunaye. Da aka duba, ga sunanta nan. Ta ce ganawa da gwamnan ta ɓace mata, mai gadin ne kawai ya tsaya mata a rai.

Batun wane ne sunansa ke cikin takarda ya daɗe yana cin rai a Jojiya. Bayan yaƙin basasa da 'yanta bayi, an zaɓi baƙaƙen fata zuwa majalisar dokokin jihar, amma a 1868 'yan majalisa fararen fata suka haɗa kai suka kore su. Tsarin mulkin jihar na 1877 ya ce sai wanda ya biya harajinsa kaf, har da na shekarun baya, zai yi zaɓe. A 1908 aka ƙaro jarrabawar karatu, kuma jami'in rajista ne ke yanke wa ya ci wa ya faɗi. Haka aka yi ta tafiya da jarrabawar har 1965, lokacin da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, wadda ta tilasta wa jihohi irin Jojiya neman izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓensu.

An haifi Abrams a 1973, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya shida, ta tashi a Gulfport ta jihar Misisifi kafin iyayenta su koma Atlanta karatun zama limaman coci. Ta yi digiri a kwalejin Spelman, ta kammala karatun lauya a jami'ar Yale a 1999. Tana shekarar ƙarshe a Yale ta rubuta littafinta na farko, na soyayya, da sunan aro Selena Montgomery, kuma ta fitar da guda takwas da wannan suna. Aikinta na rana kuwa lauyar haraji ce, kuma tana shekara 29 aka naɗa ta mataimakiyar lauyan birnin Atlanta.

Shekaru goman da ta yi a majalisar wakilan jiha, daga 2007 zuwa 2017, su ne aka fi mantawa da su, alhali a ganina nan ne aka ga ainihin gwanintarta. A 2011 ta zama shugabar marasa rinjaye, mace ta farko da ta jagoranci wata jam'iyya a majalisar. Jam'iyyarta ta Democrat ba ta da yawan da za ta hana komai da ƙuri'a. A wannan shekarar 'yan Republican suka kawo ƙudurin gyaran haraji da suka ce sauƙi ne ga jama'a. Ta zauna ta yi lissafinsa da kanta, ta gano kashi 82 cikin ɗari na mutanen jihar ƙarin haraji za su sha, ta buga takardar ta ajiye wa kowane ɗan majalisa a kan teburinsa. Ƙudurin ya mutu. Ba kullum ake yaba mata ba dai: da ta sasanta da gwamna Nathan Deal kan rage tallafin karatu na HOPE, wasu 'yan jam'iyyarta sun daɗe ba su yafe mata ba.

A 2013 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar kan huɗu, ta rushe sashen dokar 1965 da ke fayyace jihohin da sai sun nemi izini. Dabaibayi ya kwance. A daidai wannan lokaci Abrams ta kafa New Georgia Project, ƙungiyar da ta riƙa bin gida-gida tana yi wa baƙaƙen fata da matasa da sauran tsiraru rajista. Hujjarta ita ce Jojiya cike take da mutanen da ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa.

A 2018 ta zama baƙar fata mace ta farko da babbar jam'iyya ta tsayar takarar gwamna a tarihin Amurka. Abokin karawarta Brian Kemp shi ne sakataren jiha, wato ofishinsa ke riƙe da rajistar zaɓe, kuma bai sauka ba sai bayan an kaɗa ƙuri'a. A 2017 kaɗai an goge sunaye sama da dubu 500. Ana saura wata guda zaɓe, kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an jingine rajistar mutum dubu 53, kusan kashi 70 cikin ɗari baƙaƙen fata, akasari saboda abin da suka cike bai yi daidai harafi da harafi da bayanan hukuma ba. Ɗan layin da ke tsakanin sunaye biyu ma ya isa. Kemp ya ce doka yake bi, kuma waɗannan mutane za su iya zaɓe idan sun nuna katin shaida. Ya ci da tazarar ƙuri'a kusan dubu 55 cikin kusan miliyan huɗu.

Bayan kwana goma Abrams ta yarda cewa Kemp ne zai zama gwamna, amma ta ƙi cewa ta sha kaye. Ƙorafinta na cewa ɗan takara bai kamata ya riƙe littafin rajista ba gaskiya ne tsagwaronta. Ƙin amsa kayen kuwa ina ganin kuskure ne, domin bayan shekara biyu magoya bayan Donald Trump sun yi ta kafa hujja da ita wajen ƙin amsa kayen da ya sha a zaɓen shugaban ƙasa, duk da cewa ita ba ta nemi a juya sakamako ba. Ƙarar da ƙungiyarta ta Fair Fight ta shigar ma ba ta kai labari ba: a Satumbar 2022 alƙali Steve Jones, wanda Obama ya naɗa, ya ce tsarin jihar yana da naƙasu amma bai karya doka ba.

Guminta wasu ne suka ci moriyarsa. A 2020 Joe Biden ya lashe Jojiya da ƙuri'a 11,779, karon farko ga ɗan Democrat tun 1992, sannan a Janairun 2021 Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ɗauke kujerun dattawa biyu na jihar. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, ƙungiyoyi da dama sun sha rana, galibi mata ne ke jan su. A Maris na shekarar majalisar jiha ta mayar da martani da sabuwar doka mai tsaurara zaɓe ta gidan waya, har da hana miƙa wa wanda ke kan layin zaɓe ruwa ko abinci.

Ta sake gwabzawa da Kemp a 2022, ta faɗi da tazarar sama da kashi bakwai cikin ɗari, kuma a wannan karon a daren zaɓen ta amsa kaye ta taya shi murna. A 2023 jami'ar Howard ta ba ta kujerar koyarwa, labaranta na shari'a da siyasa kuma yanzu da sunanta na yanka suke fitowa. Trump ya karɓe Jojiya a 2024, kuma a Janairun 2025 hukumar ɗa'ar siyasa ta jihar ta ci New Georgia Project tarar dala dubu 300 saboda ta yi wa Abrams kamfe a 2018 ba tare da bayyana kuɗin ba, duk da cewa ita ta bar ƙungiyar tun 2017.