Mawaƙi ya rasu, amma waƙarsa tana da mai ita

Tun da tsoffin waƙoƙi suka dawo yayi a TikTok da YouTube, maganganu biyu ke yawo tsakanin mawaƙa da masu shirya fim. Wasu na cewa da zarar mawaƙi ya kwanta dama, waƙarsa ta zama ta kowa. Wasu kuma sun firgita, wai ko tatsuniyar Gizo ka mayar fim, ɗauri ne. Ba haka doka ta ce ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi marubuta, mawaƙa, masu zane, masu hoto da masu fim. Ba sai an yi rajista ba, da ka rubuta aikin ko ka naɗe shi, haƙƙinka ya tabbata.

A wajen wa'adi ne ake ruɗewa. Rubutu da waƙa da zane suna da kariya muddin wanda ya ƙirƙire su na raye, sannan a ƙirga shekara 70 daga ƙarshen shekarar rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna hannun magada, ko wanda aka sayar wa haƙƙin, har ƙarshen 2069. Littattafan Abubakar Imam, da ya rasu a 1981, sai ƙarshen 2051. Waƙoƙin Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, kowa na iya bugawa ko rerawa ba tare da biyan kowa ba.

Sai a lura, waƙa daban, faifanta daban. Faifai, kamar fim da hoto, shekara 50 ne daga fitowarsa. Don haka faifan da ya fito a 1970 wa'adinsa ya cika, amma baitoci da karin da ke cikinsa na nan da mai su. Yaron da ya ɗauko amshin Shata ya ɗora a kan sabon kiɗa yana sayarwa, yana cewa ai faifan ya tsufa, bai kuɓuta ba. Rubuta "duk haƙƙi na mai shi ne" a ƙarƙashin bidiyo ma ba izini ba ne.

Tatsuniya da waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, doka ta ba Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon ba da izini idan za a yi kasuwanci da su. Amma ta yarda mai fasaha ya ara daga cikinsu daidai misali ya gina sabon aikinsa, kuma koyarwa ba laifi ba ce.

Hukuncin mai buga kwafin sata ya yi tsanani: tarar aƙalla naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun. Mai haƙƙi kuma na iya rubuta wa shafin intanet ya sauke abin da aka sace masa.

Ni dai ina ganin shekara 70 ta yi yawa ga matashin da ke son raya tsohuwar waƙa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne iyalan makaɗa da yawa ba su ma san suna da wannan haƙƙi ba, alhali a shagunan turi kullum ana loda waƙoƙin iyayensu a waya, ko sisi ba ya isa gidansu.