Lambar yabon soja: wa ake ba, kuma me ake dubawa?

Mu nan Katsina da kullum muke ganin motocin sojoji na fita daga barikin Natsinta suna nufar Jibiya da Batsari, ya kamata a ce mun san wannan abun, amma da yawanmu in mun ga hafsa da lambobi jere a ƙirji sai mu ce ai wannan ya sha yaƙi.

To ba duk lambar da ke ƙirjin soja ce ta jarumta ba?

A'a, ba duka ba. Wasu na daɗewa a aiki ne ba tare da an same ka da laifi ba, irin su FSS da MSS da DSS (ba DSS ta 'yan farin kaya ba fa). Wasu kuma shaida ce kawai ta cewa an tura mutum wani aiki, kamar kwantar da tarzoma a Laberiya ko Darfur. Ta jarumta daban take, sai an ce ga abin da ka yi, ga ranar, ga wurin.

Wa ke cewa wane ya cancanta?

Kwamandan da ke samansa ke rubutawa, takarda ta yi ta hawa har hedikwata.

Akwai misalin da za mu gane?

Akwai, Muhammad Abu Ali, wanda sojoji suka riƙa kira Sarkin Yaƙi. Yana Manjo ya shige gaba da tankokin yaƙi aka ƙwato Baga daga hannun Boko Haram a farkon 2015, kuma a shekarar Janar Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya ƙara masa girma zuwa Laftanar Kanar tun lokacinsa bai yi ba, a can Gamboru Ngala aka saka masa anini ba a ofis a Abuja ba, wallahi ni wannan ya fi burge ni saboda yaran da suka sha wuta tare da shi suna tsaye suna kallo. Abin da aka yaba masa ba harbi kaɗai ba ne, mutum ne da ba ya tura yaransa gaba shi ya tsaya a baya, in wuta ta yi wuta yana cikinsu, shi ya sa suke binsa ba gardama. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 2016 a Malam Fatori. Allah Ya jiƙansa.

In mutum ya rasu fa, ana ba shi?

Ana yi. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris 2024, shugaba Tinubu ya ba su lambobin girma na ƙasa ranar da aka binne su, ya kuma yi alkawarin gidaje da karatun 'ya'yansu. Sannan duk 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya.

Hafsoshi kaɗai ke samu?

A ƙa'ida har kurtu na iya samu, amma sunan kwamanda ake ji a rediyo, kuma wannan na damuna sosai. Kofur da saje da ke kwana a bakin dajin Rugu suna tare ɓarayin daji kar su shigo Safana da Ɗanmusa, su ma a kira sunayensu suna raye, in kuma ta Allah ta kasance a biya matansu haƙƙinsu da wuri ba sai sun yi ta zarya da takardu ba.