Zaɓen firikwensin yanka a filtar ƙananan sigina mai op-amp

Filtar ƙananan sigina mai op-amp da'ira ce da ke barin firikwensi (yawan jujjuyawar sigina a daƙiƙa, ana auna shi da Hz) na ƙasa su wuce ta danne na sama, ana haɗa ta da rizisto da kafasita da kuma op-amp (ƙaramin guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sigina) irin su TL072 ko LM741. Firikwensin yanka shine wurin da ƙarfin sigina ya sauka da 3 dB (desibel, ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina), wato boltej ya dawo kusan kashi 70.7 cikin 100, pawa kuma ta rabu biyu. A filta mai mataki ɗaya, wato mai rizisto ɗaya da kafasita ɗaya a sashen tacewa, lissafin shine fc = 1/(2πRC), inda fc shine firikwensin yanka, R ƙimar rizisto, C kuma ƙimar kafasita.

Inda mutane da yawa ke ɓata aiki shine ɗauka cewa filta na yanke sigina tsaf a daidai wannan lambar, alhali kuwa a hankali take sauka, mataki ɗaya 20 dB ne kawai duk lokacin da firikwensi ya ninka sau 10, mataki biyu irin tsarin Sallen-Key na 1955 yana bada 40 dB, dan haka in ka ɗora yankan a bakin siginar da kake so to ka riga ka cinye mata kusan kashi 30 tun kafin a je ko'ina. Ko a rabin firikwensin yanka, filta mai mataki ɗaya tana rage kusan 1 dB. Shi yasa ake matsar da yankan sama kaɗan, sai dai kar a matsa har hayaniyar da ake gudu ta samu hanya.

In siginar zata shiga ADC (na'urar da ke mayar da sigina zuwa lambobin dijital) to akwai wata iyaka kuma, dokar Nyquist, duk abinda ya wuce rabin saurin ɗaukar samfur zai dawo ya gurɓata sauran kuma baya gyaruwa daga baya. Wayar tarho misali ce mai kyau: ana ɗaukar samfur 8000 a daƙiƙa, rabi 4000 kenan, amma ana tsayar da murya a 3400 Hz dan filta ta samu filin sauka.

Wajen sifikar bas 80 Hz aka fi amfani da shi. Gara a fara zaɓen kafasita tunda nau'ikansa basu kai na rizisto yawa a kasuwa ba, 100 nF da rizisto 20 kΩ suna bada kusan 80 Hz ɗin. Kafasitan yumɓu mai arha kan kauce da kashi 10 ko 20, yankan ma haka zai kauce, mai fim ko C0G (wani nau'in yumɓu mai inganci) yafi tsayawa. Shi kansa op-amp yanada iyakar firikwensin da zai iya ɗauka, ta LM741 kusan 1 MHz ce, bai dace da yanka mai ɗaruruwan kHz ba.