Yadda ake gane matakin da ke ƙayyade saurin sauyin sinadarai

Mene ne wannan mataki?

Yawancin sauye-sauyen sinadarai ba sa kammaluwa a karo ɗaya. Suna bi ne ta matakai biyu ko fiye, kuma duk hanzarin sauran matakan, dole su jira wanda ya fi su nawa. Shi ne ke ƙayyade saurin aikin baki ɗaya.

Ta yaya ake gane shi, alhali ba a ganin ƙwayoyin sinadaran da ido?

Rubutaccen lissafin sauyin ba ya nuna shi, sai an yi gwaji. Ana canza yawan kowane sinadari ɗaya bayan ɗaya, ana auna yadda saurin ya canza. A ɗauki haɗuwar iskoki biyu, NO₂ da CO, wadda ke samar da wasu iskokin, NO da CO₂. A zafin da bai kai digiri 225 na ma'aunin Salsiyas ba, idan aka ninka NO₂ sau biyu, saurin yakan ninku sau huɗu, amma ƙara CO ba ya canza komai. Bayanin da ya dace da wannan shi ne ƙwayoyin NO₂ biyu ne ke fara yin karo a hankali su samar da NO₃ da NO, sannan NO₃ ya haɗu da CO nan take. Tunda CO yana shigowa ne bayan an wuce matakin mai nawa, yawansa ba ya tasiri.

Shin kullum matakin farko ne?

A'a, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. A haɗuwar NO da O₂ (iskar oksijin), bayanin da aka saba bayarwa shi ne ƙwayoyin NO biyu suna haɗuwa da sauri su zama N₂O₂, wanda ke iya wargajewa ya koma yadda yake, sai mataki na biyu, wato haɗuwarsa da O₂, ya zama mai nawa. Saboda haka yawan NO da na O₂ duka suna shafar saurin.

Akwai wata hujja ban da wannan?

Akwai. Idan a sinadarin da ke da haɗin kabon da haidurojin aka musanya haidurojin ɗin da diyuteriyom, wani nau'in haidurojin da ya ninka shi nauyi, aka ga saurin ya ragu kamar sau shida ko bakwai, alama ce mai ƙarfi cewa haɗin kabon da haidurojin yana tsinkewa ne a matakin mai nawa.

Idan hasashen matakan ya dace da gwaji, an tabbatar da shi ke nan?

Ba a tabbatar ba. Gwaji yana iya kore hasashen da ya saɓa masa, amma hasashe biyu mabambanta suna iya dacewa da sakamako ɗaya, shi ya sa masana ke ƙoƙarin gano sinadarin tsakiya, irin NO₃, kai tsaye.