Bizar H-1B: me ya sa ɗanku da ke aiki a Amurka yake cewa "takarduna suna hannu"?

Gwaggona a Garwa ta sa bikin autarta bayan Babbar Sallah, ta kira babban ɗanta, injiniyan kwamfuta a Dalas, ta ce ya shirya zuwa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, takarduna suna hannu." Da ta matsa, ya ce bizar da ke fasfonsa ma ta ƙare tun bara. Ta kashe waya ta dube ni: "To ashe ɓoye yake zaune? Ko kuwa ƙarya ya fara yi mana?" Ba ko ɗaya.

Ma'aikacin da ke kan H-1B, wato bizar masu digiri da sana'ar ƙwarewa, abubuwa biyu yake riƙe da su, mu kuma nan gida duka biza muke ce musu. Na farko tambarin da ofishin jakadanci ya manna a fasfo, kuma aikinsa a bakin ƙofa yake ƙarewa, ranar shiga ƙasa. Na biyu izinin zama, wanda ranar ƙarewarsa ke rubuce a takardar I-94. Muddin wannan rana ba ta wuce ba, mutum na zaune halal ko da tambarin ya daɗe da mutuwa. Amma in ya fita, ba ya komawa sai ya je ofishin jakadanci an buga masa sabo. Ga ɗan Garwa, wannan na nufin Yawunde: mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare, sannan jiran ranar ganawa wadda ba shi ke yanka ta ba, alhali aiki na can na jiransa.

Ƙarin wa'adi kuwa ba ma'aikaci ke nema ba. Kamfanin da ya ɗauke shi ne ke cika fam ɗin I-129 ya kai wa hukumar shige da fice, USCIS, bayan Ma'aikatar Ƙwadago ta sa hannu a wata takarda, LCA, inda kamfanin ya yi alƙawarin biyan albashin da ake biyan masu irin aikin a wannan gari. Zangon farko shekara 3 ne, a ƙara 3, shida ke nan. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, kuma duk kamfanin da ya san ciwon kansa haka yake yi. In an shigar kafin ranar I-94 ta cika, ma'aikaci na iya ci gaba da aiki a wurin har kwana 240 yana jiran amsa. A nan ɗan gwaggona yake, shi ne ma'anar "suna hannu".

Shekara shidan ba bango ba ce. Kwanakin da mutum ya yi a wajen Amurka, ko da hutu ne ya zo Marwa, ana iya ƙirga su a mayar masa, shi ya sa masu wayo ba sa yar da tikitin jirgi. Sannan wata doka ta shekarar 2000 ta ba da dama a riƙa ƙara shekara ɗaiɗai idan kamfani ya fara nema wa mutum katin zama na dindindin aƙalla kwana 365 da suka wuce, ko shekara uku-uku idan an amince da buƙatar amma layi bai zo kansa ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gyaran takarda, domin mutum bai jin ya yi wani laifi. Izinin a ɗaure yake da kamfani ɗaya, aiki ɗaya, wuri ɗaya. A Afrilun 2015 aka yanke hukunci kan wani kamfani, Simeio Solutions, wanda ya rubuta cewa ma'aikacinsa zai zauna a wani gari na Kalifoniya, daga baya ya nuna wasu wuraren aiki dabam, har da jihar Niyu Jazi, ba tare da gyara takarda ba. Aka soke izinin. Tun daga nan ƙa'idar a fili take: in za a mai da ma'aikaci wajen yankin birnin da aka rubuta, sai an karɓi sabuwar LCA an shigar da gyara kafin ya fara aiki a sabon wurin. Da zarar an shigar yana iya farawa, ba sai amsa ta fito ba. In ofis ne ya koma wata unguwa cikin yanki ɗaya, ya isa a liƙa sanarwa a sabon wurin. Aiken ɗan lokaci, kwana 30 a shekara, a wasu halaye 60, shi ma ba ya neman gyara.

Mai aiki daga gida fa? Ɗakinsa shi ne wurin aikinsa a idon doka. In ya tattara daga Dalas ya koma Atlanta don kusa da 'yan uwa da masallaci, ba tare da lauyan kamfani ya sani ba, ya taka ƙa'ida ko da shugabansa ya ce ba komai. Haka in aikin ya canza sosai, ko aka mai da shi na rabin rana.

Canza kamfani ya fi sauƙi: sabon ya shigar da tasa takardar, mutum ya koma. In aka sallame shi, yana da kwana 60, ko zuwa ranar I-94 in ta riga cika, ya sami wani ko ya bar ƙasar. A ganina kwana 60 kaɗan ne ga mai iyali, kuma shi ke sa mutane haƙuri da wulaƙanci a wurin aiki.

A Satumban 2025 fadar shugaban Amurka ta ɗora dala 100,000, sama da sefa miliyan 50, a kan sababbin takardun H-1B. Hukumar USCIS ta yi bayani a lokacin cewa kuɗin bai hau kan wanda ke cikin ƙasar aka ƙara masa wa'adi ko aka yi masa gyara ba. Amma ta ce in ta ga izininsa ya riga ya karye, ta ƙi ƙara masa daga ciki, kuɗin na iya hawa. Sakacin mako guda ke nan ya ci dukiya.

'Yan uwanmu na ƙetaren gadar Kusiri nasu ya fi tsanani. A Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, Shugaba Mahamat Idriss Déby ya rama da dakatar da bai wa Amurkawa biza. Dokar ba ta kori wanda ke ciki ba, sai dai ɗan Chadin da tambarinsa ya mutu, in ya zo Njamena gaisuwar rasuwa, samun sabo ya zama abu mai wuya ƙwarai.

Na karanta wa gwaggo ranar da ke jikin I-94 ɗin da ya turo ta WhatsApp, na ƙirga mata watannin da yatsa. Ta yi shiru, ta ce biki dai ba za a ɗaga ba, dangin ango sun riga sun sayi sa. Sai ta ce in gaya masa ya turo kuɗin gado da katifa kafin Laraba.