Volkswagen Beetle: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

Hitler ne ya ƙirƙiro ta?

A'a. Umarni ya bayar a 1934 cewa a ƙera motar da za ta ɗauki manya 2 da yara 3, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuɗinta kuma kada ya kai mak (kuɗin Jamus na lokacin) 1,000. Injiniya Ferdinand Porsche aka ɗora wa aikin, kuma shi ma ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba, domin kamfanin Tatra na Cekoslobakiya ya yi ƙorafin an kwaikwayi tsarinsa, har sai da Volkswagen ya biya shi diyya a shekarun 1960.

Ina lagiretonta yake?

Ba ta da shi, iska ce take sanyaya injin. Ku daina neman wurin zuba ruwa.

Talakawan Jamus sun samu motar da aka yi musu alkawari?

Ba su samu ba. Sama da mutum 300,000 suka shiga tsarin tara mak 5 a kowane mako, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai masana'antar Volkswagen da ke garin Wolfsburg ta koma ƙera motocin soja, da gumin mutanen da aka tilasta wa aiki. Wani hafsan sojan Birtaniya, Manjo Ivan Hirst, shi ya farfaɗo da masana'antar Wolfsburg a 1945, kuma zuwa 1955 an ƙera ta miliyan 1.

Me ya sa aka kai injin baya?

Don a rage kuɗi da nauyi. Tayoyin baya ne suke tura motar, saboda haka ba a buƙatar dogon ƙarfen da zai kai ƙarfi daga gaba zuwa baya. Tankin mai da safaya taya suna gaba.

Na samu tsohuwa a kasuwa, zafin bazara ba zai ƙona injin ba?

A nan ba zan ce i ko a'a ba, domin ya danganta da hannun da motar ta bi kafin ta iso gare ku. Tsarin kansa yana jure zafi: fambel ɗaya ne yake juya janareto da fankar da take hura iska a kan silinda 4, akwai kuma na'urar sanyaya baƙin mai a cikin gidan fankar. Matsalar da aka fi gani daga bakanike take fitowa. Ya sauke inji, ya ga ƙananan faranta na kwano da robar da ta zagaye ɗakin injin, ya ɗauka ado ne, ya jefar. To, su ne suke raba iska mai sanyi da mai zafi, kuma idan babu su injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Ku buɗe murfin baya ku leƙa. In kuna hango ƙasa ta gefen injin, akwai aiki a gabanku.

A injinan da aka ƙera kafin 1971, silinda ta 3 ta fi sauran ɗaukar zafi, don haka saitin bawul ba abin wasa ba ne. Ba ta da matatar baƙin mai irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai, shi ya sa juyen mai ba ya jiran a kwana biyu, balle a lokacin ƙurar hunturu. Idan jar fitilar janareto ta kama kuna cikin tafiya, ku tsaya nan take, domin mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka ta daina juyawa. Ku duba tiyon fetur ma, tunda yana kusa da inji mai zafi kuma tsufa yana tsattsaga shi. Idan waɗannan duka suna daidai, kada ku tayar da hankalinku, amma ban ce ku cika ta da kaya ku take ta da tsakar rana ba.

An taɓa haɗa ta a Najeriya?

An yi, a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975. Ta ƙarshe a duniya kuwa a Puebla ta ƙasar Meziko aka ƙera ta a 2003, bayan an fitar da sama da miliyan 21.